Miji ya karye a kasuwa, mata tana gidan iyayenta: wa ke da gidan da suka gina tare?

Hadiza: Salamu alaikum 'yan zaure, ku raba mu gardama da kawuna. Innata, ƙanwar mahaifiyata, wata bakwai ke nan tana gidan iyayensu. Yaji ne, ba saki ba. Mijin yana saro kaya daga Kano, tun da aka rufe iyaka a 2023 bai sake miƙewa ba. Yanzu masu bashi sun kai ƙara, shekaranjiya wuse, mai zartar da hukuncin kotu, ya zo ya rubuta kayan gida, har da firijinta da keken ɗinkinta. Gidan kuma da ke unguwar Ali Ɗan Sofo a Maradi tare suka gina, zinarinta ta sayar da shanu biyu na gadon ubanta. Kawu ya ce tunda igiya tana nan, bashin miji bashinta ne, ta haƙura.

Alhaji Mamman: Kawunki bai yi ƙarya ba, ɗiyata. Lokacin da ake cin riba ai tare aka ci. Mu da muke ba da kaya bashi a Babbar Kasuwa mun gaji da wannan wasa. Mutum ya ga ruwa ya kusa cin shi, sai matar ta yi yaji, gobe a ce komai nata ne.

Malam Sani: Alhaji, a yi hattara. Aure ba ya haɗa dukiya a Musulunci. Sadakinta, gadonta, abin da ta samu da ɗinki, nata ne, ko tana ɗakinta ko tana gidan ubanta. Wanda ya karye, alƙali dukiyarsa yake sayarwa ya raba wa masu bashi gwargwadon abin da kowa ke bi, a bar masa abin ci da tufa shi da iyalinsa. Ba a ce a haɗa da na matarsa ba.

Alhaji Mamman: To ni da na ba shi buhu hamsin fa, Malam?

Malam Sani: In ka tarar da buhunanka a shagonsa yadda ka ba shi su, kai ka fi kowa haƙƙi a kansu, hadisi ne ingantacce. Amma keken ɗinki ba buhunka ba ne.

Hajiya Zuwaira: Allah ya biya ka, Malam. Keken da take ciyar da yara da shi!

Isufu: Ina aiki wajen lauya, bari in sa baki. Ɗan kasuwa in ya kasa biya, dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta OHADA ce ke aiki a kansa, wadda Nijar ke ciki da ƙasashe 17 gaba ɗaya, an sabunta ɓangaren karyewa a 2015. Dokar ba ta ɗora wa mata bashin miji ba, sai in ta sa hannu ta tsaya masa a banki. Amma ita za ta nuna abin da yake nata. Kuma Alhaji yana da ƙofa: in masu bashi suka tabbatar da kuɗin mijin aka sayi abu aka sa sunanta, ana iya maido shi cikin kayan da za a sayar. Yajin nan da kuke ta ja a kai, bai ƙara ba bai rage ba. Hadiza, sunan wa ke kan takardar fili?

Hadiza: Na tambaya yanzu. Sunansa ne shi kaɗai, yaya Isufu.

Isufu: Nan ne ciwon. Da sunansu biyu ne, ba a sayar da rabonsa sai an fara raba gidan, an fitar da nata. Yanzu kuwa a ido gidansa ne, sai ta kawo shaida.

Hajiya Zuwaira: Wace mace ce a Maradi za ta ce wa mijinta ka rubuta mini na ba ka kuɗin siminti? Ranar za a ce ba ta da kunya, uwar miji ta ji labari kafin magariba. Ni kaina na zuba adashi uku a rufin gidanmu, ko tsinke ban riƙe ba.

Malam Sani: Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, Hajiya, ba ta kuma cire miji da mata ba. In gidan tarayya ne aka sayar da rabon miji, tana da shufu'a, ita ta fi cancanta ta saya a farashin da aka yi.

Alhaji Mamman: Da wane kuɗin? In tana da su ta biya mu mana.

Isufu: Maƙerin da ya sayi zinarin, dillalin shanun, uwar adashi, maginin da ta riƙa miƙa wa kuɗi, duk shaidu ne. Firiji da keke kuma ta nemo rasit, ta kai ƙorafi kotu tun kafin ranar gwanjo, kada ta jira.

Hajiya Zuwaira: Kuma kada kawu ya matsa mata ta koma don a ce an rufa asiri, a kai ta banki ta dangwala yatsa.

Hadiza: Rasit ɗin keke yana nan cikin kwallarta, na gani. Maƙerin ne ya koma Tasawa, amma ɗansa yana kasuwar Kadro. Gobe da safe zan bi ta can.

Alhaji Mamman: Ki bi. In shaidu sun tsaya ni ba na cin haram. Buhuna hamsin dai ina nan ina jira.