Bitamin a ruwa ya ishi 'yan tsakin fizant?

Malam Isa: Ni dai ra'ayina, mai kiwon fizant, tsuntsun nan mai doguwar wutsiya dangin fakara, ba ya bukatar wani abinci na musamman. Ka ba 'yan tsakin abincin kaji, ka zuba musu bitamin a ruwa, shi ke nan.

Hajiya Rabi: Malam, a nan kam ban bi ka ba. Abincin 'yan tsakin kaji furotin ɗinsa bai cika wuce kashi 22 cikin ɗari ba, su kuwa suna bukatar kusan 28 a makonnin farko. A daji ƙwari suke ci tun daga ƙyanƙyasa. Ko kwalba nawa ka zuba, bitamin ba ya zama tsoka.

Malam Isa: To ai nawa sun rayu, Hajiya.

Hajiya Rabi: Sun rayu, amma ya gashinsu? Ba sa tsigar juna?

Malam Isa: Suna yi kam. Na ɗauka cunkoso ne.

Auwalu: Baba Isa, cunkoso da haske mai yawa suna jawo haka, gaskiya ne. Amma ƙarancin methionine ma, wani sinadari da ke cikin furotin, yana hana gashi fitowa da kyau, kuma yana ƙara tsigar. Sai dai ni ma ban yarda a raina ƙarin sinadari ba. Ɗan tsakon da ya rasa niacin, wani nau'in bitamin, ko ma'adinin manganese ƙafarsa ke karkacewa, gwiwa ta kumbura, kuma in ta karkace ba ta cika miƙewa ba.

Hajiya Rabi: Ai ban raina ba, Auwalu. In akwai giɓi a cike shi. Abin da nake tsoro shi ne mai zubawa ba awo. Bitamin A da D taruwa suke a jiki, ba sa fita da sauƙi. Ni da kaina na taɓa ba ƙanana abincin kaji masu ƙwai, ina ganin yawan kalsiyam da ke cikinsa zai ƙarfafa musu ƙashi. Ashe ƙoda yake lalatawa. Na yi asara ba kaɗan ba.

Malam Isa: Maganin rigakafin da ake haɗawa a abinci don su yi saurin girma fa?

Auwalu: In antibayotik kake nufi, Tarayyar Turai ta hana amfani da shi don ƙara girma tun 2006, saboda ƙwayoyin cuta suna sabawa da shi. Sai in ciwo ya kama su, likitan dabbobi ya rubuta.

Malam Isa: To zan sauya abincin in gani. Amma bitamin ɗina na ruwa ba zan daina ba, musamman ranar da aka kawo su a gajiye.

Hajiya Rabi: Na kwana uku ko biyar ba wanda ya hana ka, Malam. Ka dai karanta awon da ke jikin kwalbar.