Me ya sa 'yan Buddha na Tibet ke lissafa carbi mai 'ya'ya 108 a matsayin ɗari?

Ɗalibin_Addinai:
Assalamu alaikum. Don Allah masana a taimaka mini. Carbin da mabiya Buddha na Tibet ke ja 'ya'yansa 108 ne, amma an ce zagaye ɗaya ɗari suke ƙirga shi. Ina sauran takwas ɗin suka shiga? Kuma me suke faɗa a kai?

Mai_Nazari:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Takwas ɗin na cike giɓi ne, ko da harshe ya harɗe ko hankali ya tafi wani wuri. Lafazin da suka fi ja shi ne "om mani padme hum", gaɓa shida, na Avalokiteshvara, abin girmamawarsu da ke wakiltar tausayi, wanda 'yan Tibet ke kira Chenrezig. A bakinsu yakan fito "om mani peme hung". Galibi da hagu ake riƙe carbin, babban yatsa yana jawo ɗa ɗaya zuwa jiki a kowane faɗi. In an iso babban ɗan da ke wajen ƙulli ba a tsallake shi, sai a juya carbin a komo ta inda aka fito.

Malama_Mai_Alli:
Ƙari a kan bayanin Malam: lissafi mai yawa da wasu igiyoyi biyu ake yinsa, rataye a jikin carbin, kowace da zobba 10. Zagaye ɗaya, a tura zobe ɗaya a igiyar farko. In goman sun cika an samu 1,000, sai a tura ɗaya a ta biyu, a mayar da na farkon. Cikar ta biyu 10,000 ke nan. Ana buƙatar haka saboda a matakin share fage da suke kira ngondro, mantarar (wato lafazin da ake maimaitawa) Vajrasattva, abin girmamawarsu da ke wakiltar tsarkakewa, mai gaɓa 100, sau 100,000 ake karanta ta, wasu har 111,111 don cike kurakurai. Ita kam sai an karɓe ta daga bakin malami.

Mai_Nazari:
Haka ne, Malama. Inda ake samun matsala kuwa gaggawa ce. Mai son cika adadi sai ya riƙa haɗiye gaɓoɓi, yatsa ya riga baki, ya ja 'ya'ya biyu a faɗi ɗaya. Malamansu suna hana ɗaga murya sosai, da yin ƙasa da ita har ta ɓace, da tsoma hira a tsakiya. Muryar da suke so ita ce wadda mai karatun kaɗai zai ji.