Lauya ko injiniya? Ku taimaka da shawara

Maman 'yan biyu: Salamu alaikum 'yan uwa mazauna Saudiyya. Babban yarona ya gama sanawiyya (sakandare), jarrabawar shiga jami'a ta ƙudurat da tahsili duk ya ci alhamdulillah, yanzu za mu cike minha, wato neman tallafin karatu a jami'a. Shi lauya yake so tun yana ƙarami, babansa kuma ya kafe sai handasa, wato karatun injiniya. Mu iƙama gare mu, wato takardar izinin zama, ba 'yan ƙasa ba ne. Don Allah masu sani ku ce wani abu.

Na Jidda: Wa'alaikumussalam Hajiya. Handasa, kar ma ki tsaya dogon tunani.

Kawun yara: Hajiya tunda kin ce iƙama ce to ki saurare ni, ni abin nan ya faɗa wa. Shekara 4 na yi ina karanta anzima, wato doka, na fito da sakamako mai kyau, babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce lasisin muhami, wato lauya, na ɗan ƙasa ne, wanda ba shi da jinsiyya ba zai samu ba. Na ƙare a wani ofishi ina rubuta takardun ƙara, ni zan kwana a kan fayil idona ya yi ja, da safe wani ya sa hannu ya ɗauka ya tafi mahkama, sunana ko a ƙasan takarda babu. Da sa'awada, tsarin mayar da ayyuka hannun 'yan Saudiyya, ta shigo aikin shari'a ni aka fara sallama. Na ce bari in gwada gida, na je har Abuja aka ce sai na bi ta Law School, kuma wanda ya yi karatu a waje akwai zangon da zai fara yi kafin ya haɗu da sauran, ga shi dokar can ginin Ingila ce, ba ita na karanta ba. Wallahi a motar dawowa Kano ko ruwa na kasa sha. Doka a ƙasarta take zama Hajiya, shi kuwa siminti ko'ina siminti ne.

Maman 'yan biyu: Innalillahi. Allah ya musanya maka da alheri Kawu.

Injiniyan Riyad: Amin. Amma kar a ɗauka mu a inuwa muke. Sai ka yi rajista da hai'ar muhandisai, wato hukumar injiniyoyi, kuma mu ma sa'awada ta same mu, an fara da kashi 20 a 2021 kuma an ƙara tun daga nan. Bambancin kawai in nan ta ƙi, akwai Dubai akwai Ƙatar akwai gida. Ya lissafinsa yake?

Ɗan Makka: Ya nemi jami'ar Ummul Ƙura, yana gida yana cin tuwon mamansa 😄

Na Jidda: Ku mutan Makka komai Ummul Ƙura, kamar Malik Abdul'aziz ba jami'a ba ce

Ɗan Makka: To ku me kuke da shi ban da ruɗuba mai sa gumi da cunkoso

Anti Malama: Ni abin da ke damuna ba wanda ya tambayi yaron. Na koyar da yara da yawa da aka tura ilmi, ɓangaren kimiyya, dole, shekara ɗaya a jami'a suka zube. In zuciyarsa na kan lauya kuma a Najeriya zai zauna, ku kai shi Bayero ko ABU ya karanta ta can tun daga tushe.

Kawun yara: Wannan kam na yarda Anti, in can zai zauna.

Maman 'yan biyu: Lissafi ba laifi, fiziya ce ke ba shi wuya. Kuma Makka aka haife shi, sau 2 kacal ya taɓa zuwa gida.

Ɗan Makka: Af, akwai mai tafiya Kano satin nan? Saƙo ne ƙarami, dabino da magani.

Injiniyan Riyad: Hajiya ki ce ya kira ni bayan isha, in ji ta bakinsa.