Aiki yana tafiya amma riba ba ta zuwa: ina neman shawara

Assalamu alaikum. Ni ƙaramin ɗan kwangila ne, ina gina gidajen zama a Kano, yankin Ɗanbare da Rijiyar Zaki. Kuɗin yini nake biyan magina da leburori, amma idan aka tashi da la'asar na ƙirga bulon da aka ɗora, sai in ga aikin bai kai kuɗin ba. Sannan kafin a kai linta, farashin siminti da rodi ya zarce wanda muka yi lissafi a kansa da mai gida. Ta ina zan fara gyara?

Wani injiniya daga Hotoro:

Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin ka zargi ma'aikata da lalaci, ka tsaya a wurin aikin tun daga safe ka ga abin da yake cin lokaci. Sau da yawa za ka tarar magini yana zaune a kan bulo da cokali a hannu, yana jiran tifar yashi ko ɗan garuwa, ko kuma an sauke bulo a bakin titi, lebura ɗaya yana jigilarsa a baro zuwa bayan fili. Duk wannan zaman kai ne kake biya. Saboda haka a tanadi yashi da ruwa da siminti tun da yamma, a sauke kaya kusa da bangon da za a taɓa, kuma a bazara, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, a fara aiki da sassafe. Bulo 10 ne suke cika murabba'in mita ɗaya na bango, don haka daga zanen gida za ka san abin da ya kamata a saya, ka kuma gane idan kaya suna zurarewa.

Wani mai sayar da kayan gini a Ƙofar Ruwa:

Alhaji, tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, duk ɗan kwangilar da ya tsayar da kuɗin gina gida gaba ɗaya tun farko ya ɗauko wa kansa asara. Ku rubuta yarjejeniya mataki-mataki, tushe daban, linta daban, rufi daban, kuma da zarar kuɗin kafin alƙalami ya shigo, ka sayi rodin matakin a ranar. Siminti kam kada ka tara da yawa da damina, domin danshi yana daskarar da shi a buhu.

Wani tsohon magini:

Yarona, ka koma jinga, a biya bisa yawan bulon da aka ɗora. Sai dai mai jinga yana da gaggawa, kuma bangon da ya karkace filasta ce za ta cinye maka siminti wajen rufe shi. Kada ka biya sai ka ɗora ma'auni ka duba, kuma ka ware yaro guda da zai riƙa yi wa kankare ban ruwa na aƙalla kwana 7, domin mai jinga ba zai dawo don wannan ba.