Abin da aka tattauna kan zafi da damina a Sakkwato

Jama'a, zancen ya yi tsawo, ga abin da na tsinta.

1. Babu wanda ya musa cewa damina ta canza hali. Ruwa ya sauka, a shuka gero, sai ya ɗauke sati biyu ko uku, tsiro ya ƙone a rami. Manomanmu sun ce kada a yi gaggawar shuka da ruwan fari, a saurari hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, a nemi iri mai saurin nuna.

2. Dalili: hayaƙin fetur, kwal da gas yana taruwa a sama yana riƙe zafin rana. Wasu suka ce ƙasashe masu masana'antu ne suka jawo, su cika alkawarin rage hayaƙin da ƙasashen duniya suka ɗauka a Paris a 2015. Wasu suka ce mu fara duba gatarinmu. Ni dai ina ganin duka biyun gaskiya ne.

3. Nan aka fi ja-in-ja, kan itace da gawayi. Masu cewa a hana sara suna nuna yadda rairayi ke cin gonaki wajen Illela da Gada. Iyayenmu mata suka tambaya: da me za a dafa tuwo, gas ya yi tsada? An dai haɗu a kan murhu mai cin itace kaɗan, da barin gawo a gona.

4. Dogon yaro, kowa ya dasa, amma ya killace saboda awaki.

5. Mazauna bakin kogin Rima sun tuna ambaliyar 2010, suka roƙi a yashe magudanai kafin watan Agusta.