Tayarod ɗin motar daji ya gaza tsawo, in ƙara da walda ko in ƙera sabo?

Ɗan Argungu:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ƙarfe da sitiyari. Ina haɗa 'yar motar daji ce mai firam ɗin fayif, babu bodi, wadda zan riƙa shiga fadama da ita lokacin aikin shinkafa, don hanyar gonarmu yashi ne da ramu, da damina kuma taɓo, mashin ba ya iya ɗaukar kayan da nake so. Injin na Golf 3 ne na maida shi baya, rak ɗin sitiyarin ma, wato dogon ƙarfen da ke zuwa hagu da dama in an murɗa sitiyari, na Golf ɗin ne. Na faɗaɗa gaban don kar ta yi saurin kifewa, to yanzu tayarod, wato sandar da ke tasowa daga rak tana juya taya, ya gaza, kowane gefe saura kamar santimita 12 ya isa nakul, ƙarfen da taya ke ɗaure a jikinsa. Mai waldan da ke yi min aiki ya ce a yanke shi a tsakiya a sa guntun rodin gini mai milimita 16 a walde, aiki ya ƙare. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Mi kuka gani, a yi hakan ko akwai wata hanya?

Oga Bakanike Gusau:
Wa alaikumus salam. Ƙanena don Allah kar ka yarda da wanga aiki. Tayarod ba ƙofar shago ba ce, in ya karye taya guda ta juya inda ta ga dama kuma sitiyarin da ke hannunka bai da sauran amfani. Ƙarfen tayarod na kamfani an gasa shi ne yadda zai jure, da ka sa mai wutar walda wurin da ya yi zafi ya canza, gefen waldar nan ne ke tsagewa kaɗan kaɗan saboda girgiza har ranar da zai rabu, kuma ba ya ba ka sanarwa. Rodin gini kuwa ba ka san me aka narka aka yi shi da shi ba, wani in an walde shi ƙwanƙwasa ɗaya ya ɓalle.

Abin da za ka yi, ka je wurin masu injin lez, wato injin feƙe ƙarfe, su yanko maka ƙarfe mai kyau mai kauri, su huda shi su yi mai tiredi ciki, ya zama kamar dogon noti, gefe guda tayarod na ciki ya shiga, ɗaya gefen a yi mai bakin da zai shiga tayarod en, wato kan tayarod da ke kama nakul. Ka tafi musu da naka su auna da kansu, ƙananan motoci da yawa M14 ne, wato kaurin milimita 14, mai tazarar tiredi milimita 1.5 amma kar ka yi zato. Tiredin ya shige aƙalla ninki ɗaya da rabi na kaurinsa, wato in 14 ne to milimita 21 ko fiye, sannan lok noti kowane gefe. Babu walda ko ɗigo.

Injiniya BK:
Oga ya faɗi gaskiya kan walda, amma ni akwai abin da ya fi damuna. Malam Ɗan Argungu, ta ina ka faɗaɗa gaban? Lowa am ɗin, wato hannun ƙasa da ke haɗa taya da firam, ka ƙara wa tsawo, ko firam ɗin ka buɗa ka matsar da inda am ɗin ke ɗaure waje? Amsar ce za ta nuna inda santimita 12 ɗin nan ya kamata su shiga.

Dalili shi ne, lokacin da taya ke hawa da sauka, am yana zana baka ne, tayarod ma yana zana nashi bakan. In bakan biyu ba su tafi tare ba, duk ramin da ka faɗa tayar za ta juya da kanta ciki ko waje kai ba ka taɓa sitiyari ba. A kwalta ƙila ka jure, amma a hanyar fadama inda taya ke tafiya sama da ƙasa sosai, motar za ta riƙa fizge ka. Ƙa'idar ita ce gaɓar ciki ta tayarod ta zauna a layi ɗaya da gaɓoɓin ciki na am na sama da na ƙasa, tayarod ɗin kuma ya bi kwanciyar am ɗin, kar ɗaya na kallon sama ɗaya na kallon ƙasa.

Sai batun tsawo. Tayarod ba ja kawai yake sha ba, yana shan turi, kuma dogon abu siriri in an tura shi lanƙwashewa yake kamar karan dawa. Ƙarfin jure turin yana raguwa da murabba'in tsawo ne, in ka ninka tsawon sau 2 saura kashi 1 cikin 4. A ce naka santimita 30 ne ya koma 42, to kusan rabin ƙarfin ya tafi. Kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, ƙarfe mai tsada irin wanda ake kira da lamba 4130 da ƙarfe na gama-gari kusan taurinsu ɗaya wajen fara lanƙwasa, faɗin bututun ne ke ceto. Shi ya sa masu ƙera irin waɗannan motoci ke amfani da bututu marar ɗinki, misali faɗin milimita 25 zuwa 30 da kaurin bango 3 ko 4 ga mota marar nauyi. Fayif ɗin ruwa mai galbanaiz kar ka kusance shi, yana da ɗinki, hayaƙin waldarsa ma cuta ne ga ƙirji.

Ɗan Argungu:
Na gode ƙwarai Oga, na gode Injiniya, Allah ya ƙara basira. Firam ɗin na buɗa, am ɗin ni na ƙera su sama da ƙasa, kuma yanzu da na duba gaɓar rak ɗin tana can ciki sosai, ba ta kai layin da ka ce ba. Wani abokina kuma ya ce in yi odar irin joyin ɗin nan mai ido da ake sa wa motocin tsere, wai ya fi ƙarfi. Shi fa?

Alhaji Mai Tarakta, Jega:
Yaro bar batun joyin mai idon nan. Buɗe yake, ba roba ba giris, ƙurar hunturu da yashin fadama suna shiga ya fara kaɗawa. Tayarod en na mota rufe yake da robarsa, in ya mutu kuma ko ina ka shiga shagon safaya za ka samu, ba sai ka jira kaya daga waje ba shinkafa na jiran ka a gona. Ka dai tabbata bakinsa mai tsini ya zauna daram a ramin nakul, in yana rawa ko ka ɗaure noti zai ci ramin. Noti mai tsaga ka sa mai fin, in mai roba ne a ciki ka sa sabo.

Injiniya BK:
Ina tare da Alhaji. To tunda firam ka buɗa, tsawon nan ba a tayarod zai shiga ba, a bakin rak zai shiga. Ko dai masu lez su yi maka ƙari mai tiredi a kowane bakin rak ɗin har gaɓar ta fito kan layin am, ko ka nemi rak mai tsawon da ya dace, wanda ni shi na fi so, saboda ƙarin santimita 12 a bakin rak yana sa rak ɗin shan lanƙwasa in ba a yi mai abin tallafi ba. Ka auna tazarar da kake buƙata ka tafi da tef ɗinka Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka duba na Beljiyam. Kuma ka tabbata rak ɗin da za ka saya na irin zaman naka ne, wanda aka yi don bayan taya in ka kai shi gaba sitiyarin juyewa zai yi.

Kafin ka ƙone waldar mazaunin rak ɗin gaba ɗaya, ka ɗiga kawai, ka cire shokozoba da sifirin, ka ɗaure sitiyari kar ya motsa, ka sa jak ka ɗaga tayar daga ƙasa har sama kana auna ko bakinta na shiga ko fita. In tana motsi ka ɗaga rak ɗin ko ka sauke shi da wosha kaɗan kaɗan har motsin ya kusa ɓacewa, sannan ka walde. Bol ɗin mazaunin su zama masu lambar ƙarfi 8.8 ko 10.9 a kai.

Oga Bakanike Gusau:
Haka ne. In ka samo rak ɗin ka turo awon tsakanin gaɓoɓin am ɗinka da tsayinsu daga ƙasa mu duba tare kafin mai walda ya kunna inji.