Sarƙar da Hajiya ta damƙa mini

Assalamu alaikum. Don Allah malamai ku taimaka mini.

Uwar mijina ta rasu kwana 9 ke nan, ni na yi jinyarta. Daren ƙarshe ina ɗiga mata ruwa da cokali, ta zaro sarƙar zinarinta daga ƙarƙashin matashi ta damƙa mini, ta ce in ajiye wa 'yata, takwararta. Babu kowa a ɗakin. Da asuba maigida ya laƙƙana mata kalmar shahada, ta cika.

Yanzu yayyensa mata suna cigiyar sarƙar, za a saka ta cikin gado. Shi kuwa ko abinci ba ya iya ci, na kasa tunkararsa. Kyauta ce wannan ko wasiyya, tunda ba ni da shaida? In fito da ita ne?